Bayan Jaki Da Bayan Ɗan Adam: Magana Ga Masu Keke Napep

Daga wani malamin allo, Anka

  

Ya ku malamai da alhazai masu karanta wannan shafi, maganata yau a kan wata cuta ce wadda ba ta cika kwantar da mutum a asibiti ba, ba ta sa a je masa dubiya da kwanon kunu, amma tana cin samarinmu a tsaye kamar yadda gara ke cin azara. Ina nufin ciwon baya na wajen ƙugu, wanda ya zama abokin zaman matuƙa keke mai ƙafa uku, watau Keke Napep. Duk wanda ya ke lura da sahun salla a masallatan bakin tasha da na kasuwa, ko a Anka, ko a Gummi, ko a Bukkuyum, ya ga abin da na ke faɗi. Saurayi ne gemunsa bai gama cika ba, in ya zo ruku'u sai ya sauka a hankali kamar mai ɗauke da tulu, in ya ɗago daga sujada sai ya dafa ƙugu, dattijon da ke gefensa kuwa, wanda ya yi jika da shi, ya riga shi miƙewa. Da dama daga cikin waɗannan yara sun zauna gabanmu da allo, mun san ƙarfinsu sa'ad da su ke ɗebo itace da ruwa, saboda haka mun san ba da wannan baya aka haife su ba.

Bari mu fara da keken kansa. Asalinsa daga ƙasar Italiya ne, inda kamfanin Piaggio ya fara ƙera irinsa a 1948, daga baya mutanen Indiya suka ɗauki sana'ar, kuma yawancin waɗanda ke yawo a titunanmu na kamfanonin Bajaj da TVS ne na can Indiya. A Nijeriya ya fara yin suna a Ikko zamanin da Buba Marwa ya ke gwamnan soja, tsakanin 1996 da 1999, har mutanen can suka sa masa Keke Marwa. Sunan Napep kuwa ya samo shi daga shirin yaƙi da talauci wanda gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2001. A Kano gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo shi domin ɗaukar mata, shi ya sa Kanawa ke ce masa A Daidaita Sahu, kuma ya cika garin bayan da aka hana acaba a 2013. A nan ƙasarmu ta yammacin Zamfara akwai wani dalili na dabam da ya ƙara yawan masu tuƙa shi. Rashin zaman lafiya ya kori mutane daga ƙauyuka, manomi ya baro gonarsa ya shigo gari da iyali, ba shi da jari, ba shi da rumfa a kasuwa, abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne wani mai hali ya ba shi keke ya riƙa kawo kuɗi kullum.

Ni ba maƙiyin keken nan ba ne. Ya rufa asirin gidaje da yawa, ya kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ya ɗauke wa mata kunyar hawa bayan babur na namijin da ba muharraminsu ba. Abin da na ke so mu duba shi ne farashin da mai tuƙi ya ke biya da jikinsa, da kuma wanda ya yanka wannan farashi.

Masana jikin ɗan Adam sun bayyana cewa gadon baya ƙasusuwa ne a jere kamar 'ya'yan carbi, guda 5 daga cikinsu, waɗanda suka fi kauri, suna wajen ƙugu, su ne ke ɗauke da nauyin duk abin da ke samansu. Tsakanin kowane ƙashi da ɗan'uwansa Allah Ya sanya wani faifai na guringuntsi, bayansa da tauri, cikinsa da laushi, yana aiki kamar gammo tsakanin kai da kaya. Ta gefen waɗannan ƙasusuwa jijiyoyi ke fita suna gangarawa har tafin ƙafa. Wani likita na ƙasar Suwidin, Alf Nachemson, ya auna nauyin da ke sauka kan wannan faifai tun cikin shekarun 1960, ya samu cewa mai zama yana sunkuye gaba ya fi mai tsayuwa matsa shi. To, haka matuƙin keke ya ke zama, hannuwa biyu a miƙe gaba, majinginar baya gajera ce, sau da yawa ma bayansa ba ya taɓa ta.

Zama kaɗai da sauƙi, domin mu ma masu zama kan buzu tun asuba, da teloli, da attajiran da ke wuni a rumfa, muna jin namu. Abin da ya raba matuƙi da mu shi ne girgiza. Ƙafafun keken ƙanana ne, ramin da babbar mota za ta tsallake ba ta ji ba, shi sai ya faɗa ciki ya fito, kuma ƙafar gaba guda ɗaya ce, tana dab da mai tuƙi, duk dukan da ta sha yana hawowa ta kujera ya shiga ƙugunsa. Ga kuma rawar injin da ba ta tsayawa. Wanda ya san hanyoyin da ke fita daga Anka zuwa ƙauyuka, ko lungunan Gummi bayan ruwan sama, ba ya bukatar a kwatanta masa gargada. Fasinja ya sha wannan na ɗan lokaci ya sauka yana tsaki. Matuƙi kuwa daga hantsi har bayan isha'i, kwana bakwai a mako.

Sa'an nan ga wata al'ada wadda a ganina ita ce mafi muni. An yi kujerar gaba domin mutum ɗaya, amma saboda neman ƙarin kuɗi sai a ɗauki fasinja a gefen matuƙi, wani lokaci ma biyu, dama da hagu. Sai ya koma gefen kujera, rabin jikinsa a waje, ƙugu a karkace, kafaɗu suna fuskantar gaba, ya yi tafiya mai nisa a haka yana shan duka daga ƙasa. In an iso kasuwa, shi ne zai yi tsalle ya sauko, bayansa ya sandare da zama, ya sunkuya ya cicciɓi buhun gero ko jarkar manja ya sauke wa mai kaya. Da damina kuma shi ne mai tura keke daga cikin laka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ta nan ne ciwon ya ke shiga.

Kada wani ya ɗauka raki ne na yaran zamani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, ana kuma tsammanin za su kai miliyan 843 a 2050, kuma babu wata cuta da ta fi shi hana mutane aiki da walwala. Ta ce a cikin kashi 100 na masu ciwon, kusan 90 ba a iya nuna wani ƙashi ko wata gaɓa a ce ga inda ta lalace, ciwo ne na wahalar nama da jijiya da gaɓoɓi gaba ɗaya. A cikin wannan akwai bushara, domin irin wannan yana sauƙi in an rage abin da ke jawo shi.

Amma mu a nan, da zarar mutum ya ce bayansa na ciwo, kafin ya rufe baki an ce masa basir ne. Mai magani ya kafa lasifika a bakin kasuwa yana lissafa ciwon baya da kasala da raunin mazakuta duk a ƙarƙashin suna ɗaya, matuƙi ya sayi gora ya sha, ya yi ta zawo, jiki ya yi laushi, ya ce magani ya yi aiki, gobe ya koma kan kujerar da ta karya shi. Basir cuta ce ta gaskiya, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi talifi a kan magungunanta, kuma mai yawan zama yana iya samunta. Amma tana da wurinta da alamominta, ba ita ce uwar kowane ciwo ba. Mutumin da aka yi wa dukan tabarya a ƙugu wuni guda ba ya bukatar a nemo masa dalili a hanji.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne ƙwaya. Akwai irin su diklofenak da ibuprofen, waɗanda ke rage zafi da gaske in an sha su bisa ƙa'ida na 'yan kwanaki, amma mai shan su kullum, a kan yunwa, ba ya shan ruwa saboda gudun tsayawa fitsari, yana saye wa kansa gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Akwai haɗin da masu tallar magani a faranti ke ƙullawa a leda, ja da fari da rawaya, mai sha bai san sunan ko ɗaya ba. Sa'an nan ga tiramadol, wadda ta fi su duka ɓarna. Ba ta gyara kome a baya, tana rufe bakin jiki ne kawai kada ya yi ƙara. Hausawa sun ce jiki magayi, to, wannan ƙwaya magayin ta ke kashewa, mutum ya ci gaba da tuƙi a kan raunin da ya kamata ya tsayar da shi. Kwana kaɗan guda ɗaya ta daina isarsa, in ya yawaita kuma tana gusar da hankali, tana iya jefa shi cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, alhali yana ɗauke da matan mutane da 'ya'yansu. Abin mamaki, Buba Marwa ɗin nan da aka sa wa keke sunansa shi aka naɗa a 2021 shugaban hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa. Ni dai na san yara masu kunya da ladabi waɗanda ba shashanci ne ya kai su ga ƙwaya ba, ciwo ne da tsoron kada dare ya yi ba su haɗa kuɗin maigida ba.

Nan ne maganata ta iso gare ku, alhazai, domin yawancin kekunan nan ba na masu tuƙa su ba ne. Ko dai attajiri ya saya ya ba da haya, ana kawo masa abin da su ke kira balas kullum ko mako-mako, ko kuwa ya sayar wa yaro bashi da riba a kai, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan har ya gama. Matuƙi ba ya fara neman na cefanen gidansa sai ya fitar da kuɗin mai, ya fitar da na tikitin ƙungiya da na hukuma, ya fitar da balas. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haura naira 1,000, darajar naira ta faɗi, kuɗin sabon keke da kayan gyaransa suka ninka. Fasinja kuwa talaka ne, ba a iya ninka masa kuɗin mota yadda aka ninka na mai. Ina ragowar za ta fito? Daga tsawon wuni, da fasinjan gaba, da kayan da ya fi ƙarfin keke. Watau daga ƙugun yaron ta ke fitowa. Saboda haka wanda ya yanka balas shi ne, ko ya sani ko bai sani ba, ya yanka yawan sa'o'in da yaro zai zauna a kan wannan kujera.

Ku tuna da kakanninku fatake masu zuwa Gwanja fataucin goro. Babu madugun da zai yarda a ɗora wa jaki mangala ba tare da akumari ba. In an sauka zango, kafin mutum ya nemi ruwan da zai sha sai ya sauke kaya, ya duba bayan dabbarsa ko ya yi miki, in ya yi kuwa a raba kayanta ga sauran har ta warke. Ba tausayi kaɗai ya sa su haka ba, sun san jakin da bayansa ya ɓaci ba ya kai su gida. Shari'a ma ta shiga maganar. A babin haya na littattafan Malikiyya, wanda ya ɗauki hayar dabba ya ɗora mata fiye da abin da aka yi sharaɗi har ta halaka, yana biya. Littattafan hisba na malaman da sun ɗora wa mai kula da kasuwa ya hana a yi wa dabba lodin da ya fi ƙarfinta. To, in addini ya tsaya wa bayan jaki haka, yaya bayan Musulmi mai salla, mai mata da 'ya'ya? Na ga alhajin da ke zagaya kekensa da yamma yana duba fenti da fitila, yana faɗa a kan ƙarcen da bai kai tsawon yatsa ba, bai taɓa tambayar yaron da ke tsaye a karkace gabansa yaya jikinsa ba.

Wani zai ce, ai ciniki ne, da yardarsa ya karɓa, kuma in na sassauta ni ne zan yi hasara, domin akwai yaran da ke cin amana, su ɓoye kuɗi, su lalata keke su gudu. Wannan gaskiya ne, akwai su, kuma ban ce attajiri ya mai da dukiyarsa sadaka ba. Sayar da kaya bashi da farashin da ya fi na hannu halal ne a wurin jumhurun malamai, muddin an yanka farashi ɗaya da ajali sananne tun farko. Amma akwai abubuwa da ke faruwa waɗanda ba su da mafaka a fiƙihu. Ƙara wa yaro kuɗi a kan bashin domin ya yi jinkiri, wannan riba ce tsantsa. Ƙwace keke daga wanda ya biya mafi yawan kuɗinsa domin ciwo ya kwantar da shi mako biyu, a riƙe duk abin da ya biya, a miƙa wa wani sabo, wannan cin dukiyar mutane ne da ɓarna. Ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara, waɗanda kowane gardi ya rubuta a allonsa, sun yi umarni da a jinkirta wa mai bashin da ya shiga ƙunci, sun kuma yi umarni da a rubuta bashi a kafa shaidu. In kuwa haya ce ta kullum, keken na maigida ne, gyaran abin da ya tsufa da kansa yana wuyansa, mai haya amintacce ne, ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyaka. Ke nan soson kujera da ya mutu har ƙarfe ya fito, da abin da makanikai ke kira shokazoba in ya daina aiki, na mai keke ne, su ne akumarin wannan zamani, kuma kuɗinsu bai kai balas ɗin 'yan kwanaki ba.

Ku kuma 'ya'yana matuƙa, akwai naku. Ku bar ɗaukar fasinja a gaba, ku zauna tsakiyar kujera, ku naɗe tsumma ko ƙaramin matashi ku sa a kwarin ƙugu, ku fitar da walat da waya daga aljihun baya. Kada ku cika wa taya iska har ta zama dutse, ku rage gudu a gargada. In kuna jiran fasinja ku sauko ku taka ƙasa, kada ku kishingiɗa a cikin keke. Lokutan salla su zama zangonku, ku ajiye keke ku taka zuwa masallaci, ku sha ruwa, ku kama ruwa, kada ku riƙe fitsari. Kada ku cicciɓi buhu da saukowarku, ku ɗan miƙe tukuna, ku durƙusa da gwiwa, ku jawo kayan kusa da jiki, in ya yi nauyi ku kira wani. In ciwo ya taso, kwanciya kwana da kwanaki ba ta warkar da shi, tafiya a hankali da motsa jiki sun fi, kuma galibi yana sauƙi cikin 'yan makonni. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamba na 2023 a kan ciwon bayan da ya daɗe ta ƙarfafa motsa jiki, ta hana dogara da ɗamarar ƙugu da magunguna dangin tiramadol.

Amma akwai alamomin da ba a jira da su, ba a kai su wurin wanzami ko mai gora. In ciwo ya sauka ƙafa har ta yi sanyi ko ta fara ja, in tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓawa, in fitsari ya ƙi fita ko shi da bayan gida suna zuwa ba da sani ba, wannan na gaggawa ne, a tafi asibiti a ranar. Haka in akwai zazzaɓi da rama da gumin dare, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya, ko jini a fitsari, domin ciwon ƙoda ma a baya a ke jinsa. A fara da babban asibitin gari, in abin ya fi ƙarfinsu su tura mutum Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Mu malamai ma kada mu tsame hannu. Mu ne a ke kawo wa yaro a ce a yi masa rubutu domin baya, kuma addu'a makami ce, ba mai musun haka, amma wanda ya ba da rubutu bai tambayi sa'a nawa yaro ke yi a kan keke ba, ya yi rabin aiki. Mu koya musu abin da ke cikin Ahalari na sallar majinyaci, domin na ga masu barin jam'i saboda kunyar a gan su suna salla a zaune, alhali shari'a ta ba su dama gwargwadon iyawarsu. Sa'an nan mu ne a ke kira shaida in za a ba yaro keke. Ni na ɗaukar wa kaina ba na sa hannu a takardar da ba a rubuta abu uku a cikinta ba: rana ɗaya a mako wadda babu balas, in ta kasance Jumma'a ya fi, cewa kwanakin jinya da aka tabbatar ana ɗage su zuwa ƙarshen ajali ba tare da ƙarin ko kwabo ba, da kuma abin da za a mayar wa yaro daga kuɗin da ya biya in ciniki ya warware. Ina roƙon shugabannin ƙungiyar masu Keke Napep na Anka da Gummi da Bukkuyum su zauna da limamai da shugabannin 'yan kasuwa a fitar da takarda iri ɗaya mai waɗannan sharuɗɗa, a rubuta ta da ajami da boko yadda kowane ɓangare zai karanta da kansa, a ajiye kwafi ɗaya a hannun mai keke, ɗaya a hannun matuƙi, ɗaya a ofishin ƙungiya.